Ka Canza Salansa, Ka Buɗe Wa Injin Iska: Kada Ka Kwafi Lambar Jet Daga YouTube

Duk wanda yake leƙa TikTok ko Instagram a kwanakin nan ya ga irin bidiyon da zan yi magana a kai. Matashi ne da dogon babur ɗinsa, irin waɗanda aka ƙera domin burji, yashi da hawan tudu. Ya kwance salansar kamfani ya ɗaura wata mai ƙara kamar aradu. Ya cire akwatin iyakilina gaba ɗaya, ya maƙala wata 'yar matatar iska mai kama da mazurari. Sai ya tayar da babur, ya murɗa totur sau uku a gaban kyamara, a rubuta a ƙasa cewa an ƙara wa injin ƙarfi. Bidiyon ba ya wuce daƙiƙa 30, kuma ba za ka taɓa ganin kashi na biyu ba, inda babur ɗin yake gareji bayan wata uku an sauke masa kan inji.

Ra'ayina a kan wannan lamari kashi biyu ne, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Na ɗaya, wanda ya canza salansa da hanyar shigar iska bai waiwayi kafireto ba, rabin aiki ya yi, kuma rabin da ya bari shi ne mai ƙona inji. Na biyu, wanda ya gane haka amma ya je YouTube ya kwafo lambar jet ɗin wani ya sa a nasa, shi ma bai tsira ba, an gudu ne ba a tsira ba. Abin da yake aiki shi ne gwaji: ka canza abu ɗaya, ka hau, ka rubuta abin da ka ji, ka sake. Ni sana'ata haɗa manhajoji ce, ba kanikanci ba. A gaban kwamfuta na fara koyon wannan darasi, kafin babur ya maimaita mini shi da kuɗin aljihuna.

Yadda na biya kuɗin makaranta

Babur ɗina ƙirar Sin ne mai cc 200, inji mai bugu huɗu wanda iska ke sanyayawa, kuma na hannu na saye shi a nan Kano. Sati biyu da saye na yi abin da kowa yake yi. Ƙarar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma da safe sai na daɗe da cok kafin injin ya tsaya da ƙafarsa. In na saki totur, salansa ta riƙa fashe-fashe kamar ana soya gugguru. In na tsaya, silo ya kan maƙale a sama na 'yan daƙiƙu kafin ya sauko. Zafin da yake dukan ƙafata ma ya ƙaru. Ni kuwa duk na ɗauka alamun ƙarfi ne.

Da abin ya fara damuna, sai na yi abin da na saba yi in manhaja ta ƙi aiki, wato bincike a intanet. Na samu bidiyon wani Bature mai babur kamar nawa, ya ce babban jet mai lamba 120 ya sa. Nawa 102 ne. Na sa aka nemo mini 120, na ɗaura. Fashe-fashen bai daina ba, domin ashe ba daga nan yake ba. Abin da na ƙaro shi ne, in na buɗe totur duka sai injin ya kama tari yana inda-inda, baƙin hayaƙi yana fita, fulogi ya yi baƙi ƙirin cikin kwana huɗu, tanki kuma yana sauka kamar an huda shi. Ga shi lokacin tsadar mai ta riga ta kama kowa, tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Na tashi daga matsala ɗaya na koma biyu: a ƙasan totur yunwar mai, a sama mai ya yi yawa.

Kafireto ba ya tunani

Injin fetur haɗin iska da mai yake ƙonawa. A lissafin kimiyya, giram 14.7 na iska ne yake ƙone giram 1 na fetur ƙurmus. Amma injin ya fi ba da ƙarfi in man ya ɗan ɗara haka, wajen 12.5 zuwa 13 na iska a kan 1 na mai, kuma rarar man tana taimakawa wajen rage zafi a cikin silinda. In iska ta rinjayi mai, mu ce haɗin ya tsinke, kamar kunun da aka cika wa ruwa. In mai ya rinjaya, haɗin ya yi kauri. Mai kauri yana cin kuɗi, yana ɓata fulogi, yana kashe ƙarfi. Tsinkakke kuwa ya fi haɗari, musamman in totur a buɗe yake kuma injin yana jan nauyi: zafi ya hau, a fara jin ƙwanƙwasa a cikin silinda, bawul ɗin hayaƙi ya ƙone, wani lokaci har fistin ya huje. A inji mai bugu biyu, irin wanda ake haɗa wa baƙin mai a cikin fetur, abin ya fi muni, domin fistin yana iya kamewa a cikin silinda kana tsakiyar gudu.

To shi kafireto ba ya auna komai. Maƙogwaro ne da aka matse a tsakiya. In iska ta zo wurin matsin sai ta ƙara sauri, ƙarfin danninta ya ragu, sai ta zuƙo mai daga kwanon da ke ƙasa ta wasu ƙananan huduji na tagulla, waɗanda ake kira jet. Shi ke nan. Ba shi da firikwensin, ba shi da ƙwaƙwalwa. Injiniyoyin kamfani sun zaɓi girman hudujin ne bisa salansa da akwatin iskar da suka ɗaura, ba bisa waɗanda ka sayo ba.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, akwatin iyakilina na kamfani yana ɗan shaƙe iska, kuma wannan shaƙewar tana ƙara ƙarfin zuƙar da ke kan bakin jet. Irin aikin da cok mai faranti yake yi ke nan: ya tare iska, zuƙa ta ƙaru, mai ya taso da yawa. In ka cire akwatin, iska ta samu hanya, zuƙar mai kuma ta ragu. Duka biyun tsinka haɗin suke yi. Salansa kuma tana canza yadda silinda ke fitar da hayaƙi da yadda take sake cika, kuma tasirinta ba ɗaya ba ne a ƙaramin juyi da babban juyi. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Sannan kafireto ba hudu ɗaya ba ne. Sassansa sun raba aiki, kuma rabon ya danganta ne da yadda ka buɗe totur, ba gudun da babur yake yi ba:

Daga silo zuwa kwata na totur: ƙaramin jet da sukurin saita haɗi.

Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu: allura, wadda take shiga da fita a cikin bututun mai.

Daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshe: babban jet.

Sassan suna ɗan shiga cikin juna, amma wannan shi ne tsarin. Da na san haka tun farko, da ban nemi maganin fashe-fashen sakin totur a wurin babban jet ba. Lokacin da totur yake rufe, babban jet ba ya cikin wasan.

Dalilai uku da suka sa kwafi ba ya aiki

Na farko, lambobin ba yare ɗaya suke yi ba. A jet ɗin Keihin, lambar tana nuna faɗin hudun ne, wato 120 kimanin milimita 1.20 ke nan. Wasu jet na Mikuni kuwa, lambarsu yawan man da yake wucewa take nunawa. Saboda haka 130 na wannan ba 130 na wancan ba ne. Ga kuma jet marasa suna da suka cika kasuwa, waɗanda abin da aka buga a jikinsu ba lallai ya yi daidai da hudun ba. Kuma ko a cikin kamfani ɗaya, mutane ba sa lura cewa mai yana bin girman filin hudun ne, ba faɗinsa kaɗai ba. Daga 102 zuwa 120 a ido ƙari ne kaɗan, amma in ka yi lissafi, filin hudun ya ƙaru da kusan kashi 38 cikin 100. Abin da na ɗura wa injina ke nan a zama ɗaya. Daga 102 zuwa 105 kuwa kusan kashi 6 ne kawai.

Na biyu, iskar da yake shaƙa ba ita kake shaƙa ba. Iska tana raguwa da nauyi in an hau sama, kuma tana raguwa in zafi ya ƙaru. A tsayin mita 1,200, wato kamar Jos, nauyin iska ya yi ƙasa da na bakin teku da kusan kashi 11 cikin 100. Kano tana ƙasa da mita 500 kaɗan, bambancinta da Legas bai kai na Jos ba, amma akwai shi. Zafi ma haka: tsakanin safiyar hunturu mai digiri 15 da ranar Afrilu mai digiri 40, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 8 cikin 100. Kafireto yana ɗan rage wannan bambanci da kansa, kusan rabi, saboda zuƙar ma tana raguwa, amma ba ya share shi duka. Ma'ana babur ɗin da aka saita a bakin teku a ƙasar sanyi zai yi kauri a Jos da rana, wanda aka saita a Jos kuma zai tsinke in aka sauko da shi Legas. Wannan ne ya sa littafin kamfani na baburan tsere masu kafireto yake zuwa da jadawalin jet bisa tsayin wuri da zafin rana. Mai bidiyo bai gaya maka a ina yake ba, kuma a wane wata ya ɗauka.

Na uku, babur ɗinsa ba naka ba ne ko da sunansu ɗaya. Ɗauki Suzuki DR-Z400, wanda ya fito a shekarar 2000 kuma ya shafe sama da shekara 20 yana amfani da kafireto. Samfurin S mai lamba na hawa titi yana da Mikuni mai milimita 36, irin wanda zuƙar iska ce take ɗaga allurarsa. Samfurin E na jeji ya zo da Keihin FCR mai milimita 39, wanda wayar totur ce take ɗagawa kai tsaye. Suna ɗaya, kafireto biyu daban, lambobi daban. Masu wannan babur a Amurka sun shahara da yanka huda mai inci 3 a kan inci 3 a saman akwatin iska, amma waɗanda suka san abin da suke yi ba sa raba wannan yanka da canza jet da allura, tare ake yin su. Akwai dalili: baburan hawa titi da ake sayarwa a Amurka da Turai suna fitowa daga kamfani da haɗi mai ɗan tsinkewa domin su cika dokokin hayaƙi, har a kan toshe sukurin saita haɗi da murfin tagulla don kada a taɓa. Babur ɗin da tun asali yake bakin gaɓa, in ka ƙara masa iska, ka tura shi rami.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan cutar. Ka kwafo layuka daga intanet ka liƙa a aikinka ba ka karanta ba, su yi aiki a wurin wancan, kai kuma su rushe maka komai, domin abin da ke kewaye da su ba ɗaya ba ne. Lambar wani tana da amfani a matsayin wurin farawa. Ba amsa ba ce.

Yadda nake ganin ya kamata a yi

Ka fara da tabbatar da cewa injin lafiyarsa ƙalau, domin ba a saita kafireto a kan wata cutar. A wanke kafireto, a busa hudujin. A duba tsayin fulot, domin in man cikin kwano ya yi yawa ko kaɗan, duk sassan zai shafa. A duba robar da ta haɗa kafireto da injin, in ta tsage iska tana satar hanya. A saita bawul. A duba bakin salansa inda ta haɗu da injin, saboda ɗan yoyo a wurin shi kaɗai yana jawo fashe-fashe. A zuba mai mai kyau daga gidan mai, ba na galan da ba ka san abin da aka gauraya masa ba. A nawa, sai da na zo wannan matakin na gano cewa wanda ya ɗaura mini salansa bai sa sabon gasket ba.

Bayan haka ka ɗauki hoton komai da wayarka: lambar babban jet, lambar ƙarami, layin da kilif ɗin allura yake, da juyi nawa sukuri yake a waje. Kana ƙirga juyin ne ta hanyar murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, ba tare da matsewa ba, domin bakinsa yana da saurin lalacewa. Wannan ita ce ajiyarka. In komai ya rikice, ka san inda za ka koma.

Sai ka liƙa farin tef a jikin hannun totur, ka yi alamar kwata, rabi, kashi uku cikin huɗu da ƙarshe. Ba tare da wannan ba, za ka rantse totur a buɗe yake duka alhali rabi ne. Ka bar injin ya yi zafi sosai kafin kowane gwaji, kamar tafiyar minti 10 zuwa 15.

A ƙasan totur, ka fara gane irin sukurin da kake da shi. In yana ɓangaren injin, galibi na mai ne, kwance shi waje yana ƙara mai. In yana ɓangaren matatar iska, na iska ne, kwance shi yana tsinka haɗi. Ka riƙa juya shi kwata-kwata, kana jira kaɗan, har ka samu inda silo ya fi tashi kuma ya fi daidaituwa. In sukurin mai ya nemi wuce juyi 3 kafin ka samu wurin, ƙaramin jet ya yi ƙanƙanta. In tun ƙasa da juyi 1 ka samu, ya yi girma.

A tsakiya, allura ce. Yawancin allurai suna da layuka da ake sa kilif. Ka saukar da kilif ƙasa, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Ka mayar da shi sama, mai ya ragu. Mutane da yawa suna juya wannan a ƙwaƙwalwarsu. Layi ɗaya a lokaci ɗaya. A nan ne kake yin mafi yawan tuƙinka, don haka kada ka raina shi.

A sama, babban jet. Ka fara daga ɓangaren kauri ka riƙa saukowa mataki-mataki, domin kuskure ta wannan ɓangaren fulogi kawai zai ci maka. In injin yana inda-inda a ƙarshen totur, ka sauka mataki ɗaya. Wata dabara mai sauƙi: kana cikin babbar giya totur a buɗe, ka ɗan sassauta shi kaɗan. In ka ji babur ya ƙara ja, babban jet ya yi ƙanƙanta. Kana kuma iya sa sabon fulogi, ka ja totur duka na ɗan lokaci, ka kama kuloci ka kashe injin nan take ba tare da ya koma silo ba, ka kwance ka duba can gindin farin jikinsa. Fari fat gargaɗi ne, baƙi mai toka kauri ne. Amma kada ka dogara da launin fulogi shi kaɗai, fetur ɗin zamani ba ya barin launi a fili kamar na da.

Gane alamomi ma yana rage wahala. Tsinkakken haɗi yana son cok, yana gyaruwa in injin ya yi zafi, yana shaƙewa kamar an ɗauke wuta in ka fizgi totur. Mai kauri yana tashi da safe ba cok, yana lalacewa in injin ya yi zafi, yana warin ɗanyen mai.

Duk wannan gwajin a yi shi a fili mai tsawo wanda ba mutane, ba dabbobi, da hular kwano a kai. Layin unguwa ba wurin gwada babban jet ba ne.

Inda wayarka take shigowa

Wayar da ta jefa ka cikin matsalar ita ce kuma za ta fitar da kai. Ka buɗe shafi a Google Sheets ko ma manhajar rubutu kawai. Kowane gwaji layi ɗaya: kwanan wata, zafin rana daga manhajar yanayi, jet babba, jet ƙarami, layin allura, juyin sukuri, abin da ka ji. Manhajar auna gudu ta GPS za ta ba ka lokacin da ka ɗauka daga wannan gudun zuwa wancan a giya ɗaya a kan hanya ɗaya, ka bar wayar a aljihu ko a maƙale, ka duba bayan ka tsaya. Akwai 'yar na'urar ƙirga juyin inji mai araha da ake naɗa wayarta a jikin wayar fulogi, tana taimakawa sosai wajen saita silo. Wanda yake da hali kuma yana iya sa firikwensin oksijin a jikin salansa, irin Bosch LSU 4.9, wanda zai nuna masa haɗin da lamba kai tsaye.

Amma babbar doka ba ta buƙatar na'ura: abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka canza jet, ka ɗaga allura, ka juya sukuri duk a zama ɗaya, ko babur ya gyaru ba ka san me ya gyara shi ba, in ya lalace ba ka san me za ka mayar ba.

Abin da za a ce mini

Wani zai ce bakanikensa shekara 20 yana saita kafireto da kunne, bai taɓa buɗe wani shafi ba. Gaskiya ne, kuma ina girmama wannan kunnen. A silo da ƙasan totur, gogaggen bakanike zai gama abin da zai ɗauke ni yini cikin minti biyar. Amma murɗa totur a tsaye a gareji ba ya gwada babban jet, domin injin ba ya jan nauyi. Dole sai an hau. Kuma yawancin baburan da yake gyarawa kullum ba a canza musu salansa da akwatin iska ba, mayar da su yadda kamfani ya yi su yake yi. Naka kuwa ka riga ka fitar da shi daga tsarin kamfani. Abin da ya fi shi ne ku haɗa hannu: shi da gwanintarsa, kai da rubutunka.

Wani zai ce shi ƙarshen salansa kawai ya canza, kuma babur ɗinsa lafiya. Yana iya yiwuwa. Canza tukunyar baya kaɗai, akwatin iska yana nan, sau da yawa bai wuce a ɗan juya sukuri ba. Ban ce kowa sai ya sayi jet ba. Cewa na yi kowa ya duba.

Wani kuma zai ce duk wannan tsohon yayi ne, duniya ta koma injekta. Ta wani ɓangaren haka ne. Suzuki ta sa injekta a RM-Z450 a 2008, Honda ta bi da CRF450R a 2009, Yamaha da YZ450F a 2010. Daga samfurin 2018, mai YZ450F yana iya saita mai da lokacin wuta daga wayarsa ta manhajar Power Tuner. Shi kansa DR-Z400 an maye gurbinsa da DR-Z4S mai injekta a 2025. Amma ka lura da abu biyu. Baburan da suke isowa hannun matashi a Kano, Kaduna ko Maraɗi galibi masu kafireto ne, kuma za su daɗe a haka. Sannan injekta ba ta soke ka'idar ba, jadawalin lambobi kawai ta mayar da ita. Wanda ya kwafi jadawalin wani ya ɗora a kwamfutar babur ɗinsa, kuskuren da na yi da jet 120 shi ya yi, sai dai hannunsa bai yi baƙi ba.

Maganar matatar mazurari

A nan ra'ayina ya fi tsauri. A ƙasarmu, cire akwatin iyakilina asara ce ko da ka saita kafireto daidai. Waccan buɗaɗɗiyar matata tana da kyau a hoto, amma a babur tana zaune ne daidai inda tayar baya take watso ƙasa. Mu da muke shafe watanni cikin ƙurar hunturu, ga yashi, ga ruwan damina, ƙurar da ta wuce matata ita ce take goge ringi, silinda da bakin bawul kamar sanfefa. Ka duba baburan tsere na manyan kamfanoni, waɗanda kowane ɗigon ƙarfi yake da daraja a wurinsu: akwati suke da shi, da matatar soso mai shan mai a ciki. In kana son ƙarin iska, ka buɗe saman akwatin kaɗan, ka riƙa wanke soson kana shafa masa mansa. Ƙara kuma ba ƙarfi ba ce. Kunne yana yaudara, agogo ba ya yi. Maƙwabcinka da jaririnsa yake barci bayan sallar asuba ma yana da haƙƙi a kanka.

Ni dai a ƙarshe na mayar da akwatin kamfani, na bar salansar, na sa sabon gasket. Bayan asabar uku ina gwaji, shafina ya tsaya a kan babban jet 105, allura an ɗaga ta layi ɗaya, sukurin mai an ƙara masa rabin juyi. Fashe-fashen ya tafi, silo yana sauka nan take, zafin ya koma daidai. Na faɗi lambobin ne domin ka ga yadda gyaran yake ƙanƙani idan aka kwatanta da 120 ɗin da na kwafo. Na babur ɗina ne, a garinmu, a wancan watan. In hunturu ya shigo sosai ni ma zan sake buɗe shafin in duba.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin salansa, ka ware kuɗin jet uku ko huɗu masu bin juna, sabon fulogi, gasket, da yini biyu na gwaji. In ba ka da wannan lokacin, ka bar babur ɗinka yadda kamfani ya yi shi, zai kai ka inda za ka je ya dawo da kai.